Wa zai ƙirga bindigogin? Labarin wani tsohon samanja

Ni mutumin ƙasar Funtuwa ne, daga wani ƙauye da ke hanyar Faskari wanda ba zan kama sunansa ba saboda halin da ake ciki. Na yi kusan shekara talatin cikin kaki, na shiga kurtu na fito samanja, yanzu kuma na koma sana'ar ubana, noma. Samari kan taru a ƙofar gidana bayan la'asar su ce, "Baba Samanja, a ba mu labarin yaƙi." Na san abin da suke son ji: ƙarar igwa, da mutum nawa na harbe. Wannan ba ya cikin abin da nake bayarwa. Wanda nake so su ji kuwa, da na fara sai su tuna ana buga ƙwallo a gidan kallo, su zare jiki ɗaya bayan ɗaya. Shi zan faɗa a nan.

Na gama sakandare a 1987, shekarar da aka cire jihar Katsina daga Kaduna. Zamanin SAP ɗin Babangida ne, shirin nan na tsuke bakin aljihu. Naira ta fara zubewa, an rushe hukumar sayen auduga, Baba ya koma sayar da abin da ya noma ga duk wanda ya zo da mota ya yanka farashinsa. Sakamakon jarrabawata bai isa jami'a ba. Na zama yaron mota tsakanin Funtuwa da Gusau, ina kiran fasinja a Sheme da 'Yankara da Tsafe, hanyar da a lokacin ko tsakar dare ka bi, ba abin da zai tare ka sai gyangyaɗi. Saboda haka duk wanda ya ce kishin ƙasa ne ya kai ni bariki ya yi mini ƙari. Albashi ne ya kai ni, da ɗaki, da magani kyauta, da kakin nan da ke sa 'yan mata waiwaye.

A ƙauye irin namu, a wancan lokacin, soja ba aikin ɗan mutunci ba ne. Soja marmari daga nesa: a yi masa kallo ranar fareti, amma kada ya zo neman 'yarka. Ɗan bariki ne, mashayi, marar salla. Ni ɗan fari ne, Inna ba ta kama sunana, ba ta kuma zama ta yi doguwar magana da ni, don haka Goggo ta aiko. Saƙon bai ce tana tsoron a kashe ni ba. Cewa ta yi, "Ki gaya wa yaron nan ban haife shi don ya je ya kashe 'ya'yan mutane ba."

Wanda ya warware maganar Kawu ne, ƙaninta, wanda ya yi yaƙin basasa a runduna ta ɗaya ƙarƙashin Muhammadu Shuwa, ya shiga Inugu a 1967, ya dawo a 1970 yana ɗingishi. Tunda ya dawo ba wanda ya taɓa jin labarin yaƙin daga bakinsa. Ya zauna a bakin ƙofar ɗakinta ya ce, "Yaya, ki bar shi ya tafi. Bindigar nan dole wani ya riƙe ta. In ba ɗanki mai salla ba, to ɗan wata ne marar ita." Baba ya tuntuɓi liman, liman ya kawo hadisin idon da ya kwana yana gadi saboda Allah, wanda wuta ba za ta taɓa ba. Inna ba ta ce ta yarda ba. Ta dai daka mini ƙuli-ƙuli da yaji ta ƙulle, ta ba Goggo ta miƙo mini.

A 1989 na shiga makarantar horar da kurata ta Zariya, wadda kowa ke kira Defo, wadda tun 1924 take wannan aiki. Aka yi mana aski ƙwal, aka raba mana kakin da bai san girman kowa ba, aka shiga gwale-gwale: tsallen kwaɗo, birgima a taɓo, gudu tun kafin kiran assalatu, wake tsululu. Ba zan ja wannan ba, duk wanda ya bi ta can labarinsa ɗaya ne. Masu horar da mu 'yan Zuru ne da Langtang da Numan, suna surfa mana zagi da Hausar bariki, wadda ta samo asali tun zamanin mazan jiya da suka je Burma. Maƙwabcin gadona wani ɗan Tibi ne daga Gboko, Kirista. Ban taɓa zama da irinsa ba, shi ma bai taɓa zama da Bahaushe ba. Bataliya ɗaya aka tura mu. Shi ke tashe ni sahur da azumi, ni ke riƙe masa gadi ranar Lahadi.

Ana gab da yaye mu, ranar 24 ga Disamba 1989, Charles Taylor ya tsallako daga Kodebuwa ya shiga gundumar Nimba ta Laberiya da mutanen da ba su kai 200 ba. Ko a taswira ba zan iya nuna ƙasar ba a lokacin. Sai da na zauna da mutanen can na ji yadda 'yan tsiraru suka zama dubbai cikin watanni. Sojojin shugaban ƙasar, Samuel Doe, waɗanda yawancinsu 'yan ƙabilarsa ta Krahn ne, suka shiga Nimba suna ƙona ƙauyukan Gio da Mano, ba sa tambayar wane ne ɗan tawaye, wane ne manomi. Duk yaron da aka kashe ubansa sai ya bi Taylor. Doe da hannunsa ya tara wa abokin gabansa mayaƙa.

Dakarun ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, daga Najeriya da Gana da Gini da Saliyo da Gambiya, sun sauka a tashar jiragen ruwa ta Monrobiya ranar 24 ga Agusta 1990. Mu sai a ƙarshen 1992 aka kai mu, bayan Taylor ya ƙaddamar da farmakin da aka kira Octopus ranar 15 ga Oktoba don ya ƙwace birnin. Da jirgin Hercules aka kwashe mu daga Legas, makonni kaɗan bayan irinsa ya faɗi a fadamar Ejigbo da hafsoshi sama da 150. Ba wanda ya yi hira a jirgin nan. Musulmi na jan carbinsa, ɗan Katolika na jan nasa.

Aka jibge mu a bakin fadama wajen Caldwell, cikin ramuka masu ruwa, sauro ba a magana. Da dare suke zuwa, ta cikin fadamar, suna ihu suna ruwan wuta. Da gari ya waye muka fita duba gabanmu. Yara ne. Wani da gashin kanti irin na mata a kai, wani da rigar amarya, layu a wuya, silifas a ƙafa, bindigar ta kusa kai tsawonsa. Kowa ya san Taylor yana da rukuni guda na ƙananan yara, amma ji daban, ka juya gawa ka ga ɗan shekara goma sha biyu daban. A duhu kowa ya yi harbi, ni ma na yi. Ban san harsashin wa ya samu wa ba, kuma ba zan sani ba sai ranar da za a miƙa wa kowa littafinsa. Saƙon da Goggo ta kawo ne ya yi ta dawo mini a ramin nan. Shinkafa da miyar ganyen rogon da ake kawo mana sai da ta daɗe kafin ta sake wuce mini maƙogwaro.

Na yi aure a 1994, kuma a nan dole in tsaya, domin in ana lissafin waɗanda suka yi aikin soja ba a sa matan bariki a ciki. Uwargida ta baro ƙauye ta shiga ɗaki ɗaya a dogon gini mai ƙofofi jere, maƙwabtanta Bayarabiya da 'yar Inyamurai da 'yar Jukun, magajiyar bariki ce uwarsu duka. In wata ya yi nisa ta soya ƙosai ta kai kasuwar mami. Babu wayar hannu a lokacin. Wasiƙa sai in wani zai dawo gida, labari sai abin da ta tsinta a Sashen Hausa na BBC da na Muryar Amurka. Ta ce mini abin da ya fi kashe su shi ne motar da ke shigowa layi da hafsa a gaba, liman ko fasto a baya. Kowace mace sai ta fito ta tsaya a ƙofarta, tana kallon inda za ta tsaya. In ta wuce ki, ki yi hamdala, sannan ki ji kunyar hamdalar, don a ƙofar wadda kuka ci abinci tare jiya ta tsaya. Ba na nan aka raɗa wa ɗanmu na fari suna. Wata rana na yi mata ƙorafin wahalar daji, ta ce, "Malam, kai ai kana ganin abin da kake tsoro. Ni ba na ganin komai, jira kawai nake yi."

Karo na biyu da na je Laberiya a 1996 ne, bayan ƙazamin faɗan da ya ɓarke a Monrobiya ranar 6 ga Afrilu, da sabuwar yarjejeniyar da aka ƙulla a Abuja a watan Agusta. Janar Victor Malu ne kwamanda, mutum ne da madugan 'yan tawaye ke shakka. Daga 22 ga Nuwamba 1996 zuwa farkon Fabrairu 1997 aka yi aikin kwance damara, kuma shi ne aikin da na fi alfahari da shi a duk zamana na soja, alhali ko harsashi ɗaya ban harba a cikinsa ba. Tebur ne da benci da littafi. Mayaƙi ya shigo layi, ya miƙo bindiga, in cire gidan harsashi, in ja in duba ko da saura a ciki, in karanta lambar da ke jikinta, jami'in Majalisar Ɗinkin Duniya ya rubuta, a jefa ta kwantena a kulle. Shi kuma a ba shi abinci da takarda ya wuce. Haka daga safe har yamma, rana na dukan ka, warin jiki da na wiwi ya cika wuri. Sama da mayaƙa 20,000 suka bi ta irin waɗannan tebura a faɗin ƙasar, fiye da 4,000 daga cikinsu yara.

Akwai wani yaro da ya ɗora tasa a kan tebur amma ya ƙi sakin igiyarta. Na ja, ya ja. Bai yi fushi ba, tambaya ya yi mini da burokansu: in dare ya yi, me zai yi? Tun yana ƙarami da ita yake kwana. Ban da amsa. Na ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya na karanta lambar.

Ba na so in yi wa aikin ado fiye da yadda yake. Da yawa tsatsa suka kawo mana, masu kyan an binne su a daji, mu ma mun sani. Ranar 19 ga Yuli 1997 aka yi zaɓe, Taylor ya lashe kusan kashi 75 cikin ɗari, samari na yawo a titi suna cewa ya kashe uwata, ya kashe ubana, amma shi zan zaɓa. Ina gadin rumfar zaɓe na tambayi wata mai sayar da kifi, wadda ta ce mini ta rasa 'ya'ya biyu, yaya za ta dangwala wa wannan mutum. Ta ce, "In ya faɗi daji zai koma. Gara ya zauna a fada, mu samu mu yi kasuwa." Zaman lafiyar da ta saya da ƙuri'arta shekara biyu ya yi. A 1999 yaƙi ya dawo ta Lofa. Sai a Agustan 2003 sojojinmu suka sake sauka, aka kawo Taylor Kalaba ya zauna, a 2006 aka kama shi a Gamborun Ngala yana neman tsallakawa Kamaru, a 2012 aka yanke masa shekara 50. Kwance damara na biyu, wanda ya haɗa da mutum sama da 100,000, shi ne ya riƙe har yau.

Saliyo ce ta kusa raba ni da kaki. A Fabrairun 1998 dakarunmu suka kori gwamnatin soja ta Johnny Paul Koroma daga Firitawun, a Maris aka mayar da zaɓaɓɓen shugaba Alhaji Ahmad Tejan Kabbah kan kujerarsa. Jama'a suka yi ta murna, har yau akwai titi a tsakiyar birnin mai sunan Sani Abacha. Sai ga 6 ga Janairu 1999, muna cikin azumi. 'Yan tawaye suka shigo ta gabas, ta Calaba Town da Wellington da Kissy, cikin ayarin masu gudun hijira, bindigogi a naɗe cikin tabarmi da ƙullin kaya, mata da goyo a gabansu. Ka tsaya a shinge ka ga dubban mutane sun nufo ka, ka san akwai makasa a ciki, ba ka san su wane ne ba. In ka buɗe wuta ka kashe mai goyo. In ka bari suka wuce, gobe su ƙona unguwa. Ba a koyar da wannan a Zariya. Suka fasa gidan yarin Pademba Road, suka ci rabin gari, sai a gadar Congo Cross aka tsayar da su. Da aka fara kora su baya suka shiga ƙona gidaje da mutane a ciki, da datse hannuwa. Na ga layin masu dungu a ƙofar asibitin Connaught, har da jarirai. Dubban mutane suka mutu cikin makonni. A wajen Kissy abokina ɗan Tibi ya faɗi, a can aka binne shi. Ni na kai akwatinsa Gboko daga baya. Tsohuwarsa ba ta tambaye ni yadda ya mutu ba, ta tambaye ni ko an samu wanda ya yi masa addu'a. Na ce ni na yi, irin tawa. Ta ce ta karɓa.

A kwanakin nan jama'a sun haukace da baƙin ciki, mu ma haka. Sai a jawo saurayi a kawo shinge ana ihu: ɗan tawaye ne. Shaidar ita ce a duba kafaɗarsa ko akwai shatin igiyar bindiga, a duba yatsansa ko ya yi kanta, alhali duk mai ɗaukar kaya a kasuwa yana da irin wannan. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam sun rubuta cewa an kashe mutane a shingaye ba tare da shari'a ba, kuma ba ƙarya suka yi ba. Wata rana aka kawo mana wani, an riga an fasa masa baki, ni ina kofur, abokina bai daɗe da mutuwa ba, hannuna na rawa a kan kunama. Samanjanmu, wani dattijo ɗan Zuru, ya zo ya tsaya tsakanina da yaron, ya juya mini baya, ya tambayi jama'a wa ya gan shi da idonsa riƙe da makami. Aka yi ta hayaniya, ba wanda ya fito. Ya waiwayo ya ce, "Kofur, ba a ba ka wannan don ka huce wa mutane haushinsu ba. Kai shi ya wanke tukwane." Bayan kwanaki uwar yaron ta zo da katinsa na makaranta. Ashe rigimar kuɗin haya ce tsakanin gidansu da wanda ya fara nuna shi.

Da muka dawo gida lokacin sabunta wa'adin aikina ya yi. Takardar ta kwana biyu a aljihuna ban cike ba. Uwargida ta ce mu koma ƙauye, ko rogo ne mu ci. Abin da ya sa na sa hannu dattijon nan ne. Na lissafa cewa in duk mai tsayawa ya yi tambaya ya ajiye aiki, shingen zai rage a hannun masu saurin yatsa, kuma a ranar nan saura ƙiris in zama ɗaya daga cikinsu. Shigata ta 1989 yunwa ce ta zaɓa mini. Wannan ta biyun ni na zaɓa, ina sane da abin da ke ciki.

Yadda aka ƙare yaƙin Saliyo ma abin dubawa ne. A yarjejeniyar Lome ta 7 ga Yuli 1999 aka yi wa madugun 'yan tawaye Foday Sankoh afuwa, aka ba shi matsayi daidai da na mataimakin shugaban ƙasa, aka ɗora shi kan hukumar da ke kula da ma'adinai, wato aka damƙa masa lu'ulu'un da yake yaƙi a kansa, mayaƙansa kuma na riƙe da makamansu. Ba a yi shekara ba, a Mayun 2000, suka yi garkuwa da sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya kusan 500. Sai da Birtaniya ta shigo, Gini ta dake su a kan iyaka, suka ga ba riba, sannan suka shiga layin tebur. Mayaƙa kusan 72,000 suka miƙa makamai, ranar 18 ga Janairu 2002 Kabbah ya cinna wa tarin bindigogi wuta a Lungi ya ce yaƙi ya ƙare.

Darfur ta ƙasar Sudan ba zan daɗe a kanta ba. A 2007 na je ƙarƙashin Tarayyar Afirka, aikinmu mafi yawa shi ne raka matan sansanin 'yan gudun hijira su yo itace su dawo ba a taɓa su ba. An ce mu kiyaye zaman lafiya a inda babu shi. A ƙarshen Satumba, da azumi, daidai lokacin buɗa-baki, aka far wa sansanin Haskanita aka kashe 'yan'uwanmu, bakwai 'yan Najeriya. Abin daɗi ɗaya da na samu a ƙasar shi ne Hausawan kasuwar Niyala, jikokin waɗanda suka tashi aikin hajji a ƙafa suka yada zango ba su ƙarasa komawa ba, suna tambayata ko har yanzu ana rini a Ƙofar Mata.

Sai yaƙi ya biyo mu gida, na Boko Haram. A Nuwamban 2012 aka harbe Janar Shuwa a gidansa da ke Gwange a Maiduguri, tsoho, wanda ya tsira daga yaƙin basasa. An ce mini Kawu na ji a rediyo ya kashe ta, bai ƙara kunnawa ba ranar. A 2013 aka kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, aka kafa runduna ta bakwai, aka tura mu. Wannan ya fi duk na baya ciwo, domin kabbara kake ji daga ɓangarensu, kana yin taka daga naka, kuma wanda aka kama da Hausa yake roƙon ka ruwa. A 2014 Gwoza da Bama da Mubi suka faɗi, Baga a Janairun 2015, kafin a ƙwato su da taimakon Cadi da Nijar da Kamaru. Abin da na lura da shi, cikin Maiduguri ba igwa ce ta kore su ba. 'Yan kato da gora ne, yaran unguwa da suka san kowa da gidan ubansa. Inda aka mutunta mutane labari na zuwa da kansa. Inda aka kwashe unguwa guda saboda laifin mutum ɗaya, bakin kowa sai ya rufe. Ni lokacin na zama samanja. Aikina ƙirga yarana safe da yamma, da neman musu abinci da takalmi, da tsayawa inda dattijon Zuru ya tsaya in an kawo kamamme ranar da muka yi jana'iza. A 2018 na ajiye.

Na dawo da niyyar in huta, na tarar da Nimba a ƙofar gida. Abin ya faro da satar shanu da toshe burtali, ya kai ga 'yan sa-kai na tare Bafulatani a kasuwa su yanka ba tambaya, 'yan'uwansa su dawo da dare a kan babura su ƙone gari ba tambaya. Gidan Fulanin da suka yi wa Baba kiwo shekara da shekaru sun tashi, ban san inda suke ba, ban kuma san wane ɓangare 'ya'yansu suke ba. A Yunin 2020 aka yi kisan Kadisau. A Disamban shekarar aka kwashe ɗaliban sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, 344 aka sako bayan kusan mako guda. A Satumban 2021 aka katse layin waya aka rufe kasuwannin dabbobi. Hanyar da na yi yaron mota a kanta ta zama sai da rana, sai da addu'a. Ni da na raka matan Darfur itace, na kasa raka matata gonarmu.

A wannan tsakanin ɗan ƙanina ya kawo mini takardar shiga soja in sa hannu a matsayin waliyyi. An sace mahaifinsa, an sayar da gona an biya kuɗin fansa, ya dawo bai ƙara lafiya ba. Na tambaye shi dalili. Ya ce, "Baffa, so nake in rama." Na mayar masa da takardarsa. Mai neman ramuwa ba ya jin umarnin tsagaita wuta, kuma shi ke jawo wa na kusa da shi mutuwa. Ya yi fushi, ya daina gaishe ni. Da shekara ta zagayo ya dawo ya ce, "Baffa, aiki nake nema, kuma na gaji da kwana a kan rufin ɗaki." Na sa masa hannu. Na gaya masa abin da zai tarar ba ragi, na kuma ce ya je ya gaya wa uwarsa da bakinsa. Yanzu yana bakin aiki a wani wuri da ba zan faɗa ba, kuma duk wayar da ta shigo da dare gabana sai ya faɗi.

Maganar sulhu ita ce ke raba kan mutane a nan. Gwamna Aminu Masari ya gwada a 2016, ya sake a 2019, daga baya ya fito ya ce an ci amanarsa. Yanzu garuruwa da kansu ke yi, kuma ba na zagin kowa a kan haka. Mai zagin manomin da ya zauna da wanda ya kashe ɗansa, yawanci daga Abuja ko Kaduna yake zagin, cikinsa a ƙoshe. Mai kifin Monrobiya ta riga ta ba ni amsarsa tun 1997. Ban taɓa ganin yaƙin da aka gama da harsashin ƙarshe ba, duk a kan tabarma ake gamawa.

Na halarci namu. Suka zo a kan babura, bibbiyu da uku-uku, bindigogi a kafaɗa, ɗamarar harsasai a ƙirji, yaransu na ɗaukar mu bidiyo da waya. Wasunsu ba su wuce sa'ar wanda na ɓamɓare wa yatsu ba. Suka kawo kokensu: a saki mutanensu da ke tsare, a hana 'yan sa-kai taɓa su, a bar matansu su shiga kasuwa da asibiti, a yi musu rijiya da makaranta. Wallahi rabin abin da suka faɗa gaskiya ne, da an yi shi shekara goma sha biyar da suka wuce da ba mu zo nan ba. Aka dafa Alƙur'ani, aka yi addu'a, aka sako wasu daga cikin waɗanda ke hannunsu. Sannan suka hau baburansu suka tafi da kowace bindiga da suka zo da ita. Babu tebur, babu littafi, babu wanda ya karanta lamba. Matan ƙauye sun san in ka rufe garwashi da toka ba kashe wuta ka yi ba, ajiye ta ka yi zuwa safe.

Da aka watse na bi dagaci zaurensa na ce, "Ranka ya daɗe, wa zai ƙirga bindigogin? Yaushe za a fara, a hannun wa za a ajiye, kuma me za a ba yaran nan su yi in sun ajiye?" Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Samanja, maganarka gaskiya ce, kuma ta fi ƙarfina. Bari mu shigar da masarar bana tukuna."

Ban ƙara cewa komai ba, domin gonata ta bakin daji, wadda na yi shekaru ban taka ba, tana cikin waɗanda aka shuka a ƙarƙashin wannan sulhun. Masarar ta yi kyau. Na ɗauki 'yan ƙwadago ninkin waɗanda na saba, na sa aka karye ta tun ba ta gama bushewa ba, aka kwaso ta gida, a tsakar gida ta ƙarasa shan rana.